Shingen Masaƙar Bargo

Ranar wata Juma'a a bazarar 1985 gobara ta tashi a masaƙar bargo da ke can ƙarshen Sharaɗa, inda layin kamfanoni ya ƙare gonaki suka fara. Ma'aikata duk suna masallaci, shi ya sa ba a rasa rai ba. Kafin 'yan kwana-kwana su iso, wuta ta cinye ɗakin ajiyar auduga ta shiga babban zauren saƙa. Da suka zo suka ga ƙofar gaba ta yi nisa da wutar, sai suka fasa katangar baya suka shigar da motocinsu ta nan. Washegari abin da ya rage na zauren shi ne bangaye da suka yi baƙi ƙirin, da ƙarafan rufi da suka lanƙwashe suna reto, da injinan saƙa a jere a ƙarƙashinsu cikin toka.

Aka sallami ma'aikata, aka ce su je gida sai an neme su. Mutum kaɗan aka riƙe, cikinsu har da Ashafa, kafintan kamfanin. Mutumin Ringim ne, shekarunsa talatin da 'yan kai, aikinsa da can harhaɗa akwatunan kaya da gyaran ƙofofi da bencina. Ranar Litinin manajan masaƙar, Alhaji Lawan, ya kira shi suka zagaya baya, suka tsaya a bakin katangar da aka fasa. Ta nan kana hango hanyar ƙafa da ta bi ta gonaki zuwa Ɗorayi, mutane suna wucewa suna leƙowa.

"Nan za ka toshe min," in ji Alhaji Lawan, "daga wannan kusurwa har waccan. Mutanen inshora za su zo daga Ikko, sun ce kada a taɓa komai sai sun gani da idonsu. Kuma injiniya ya ce bangon gabas ɗin nan ba shi da tabbas, ko yau ko gobe zai iya zubowa."

"Da bulo za a yi, Alhaji?"

"Wane bulo? Na wucin gadi ne. Akwai langa-langa a sito wanda wuta ba ta kai gare shi ba. Ka karɓo itace wajen 'yan katako ka kafa. Duk wanda aka kama a ciki bayan nan, 'yan sanda zan ba, ko waye shi."

Ashafa ya samu leburori biyu suka fara. Ƙasa ta bushe ta yi tauri, diga sai tsalle take yi, zafin rana kuma ya sa langa-langar ba ta taɓuwa sai da tsumma. Suka haƙa ramuka suka kafa itatuwan turare, suka gitta katako sama da ƙasa, suka jera langa-langar suna bugawa. Tsohuwa ce, wata duk huda, wata ta yi tsatsa a gefe. Da aka gama, shingen ya fi tsawon mutum, ya rufe ɓarakar gaba ɗaya. Saura katakan da Ashafa ya ware domin tokare shingen ta ciki saboda iskar damina. Ya jingine su a jikin sito, ya ce sai ya huta zai kafa su, tunda hadari bai fara haɗuwa ba tukuna. Leburori suka tafi, ya zama daga shi sai Bala maigadi, wanda ke zaune a ƙofar gaba da rediyonsa.

Bai yi sati da gamawa ba ya zo da safe yana duba shingen, ya tarar da falle ɗaya a buɗe ta ƙasa. Ba yanka aka yi ba, ba kuma fizga ba. An zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, an miƙe su, an tara su a kan wani dutse a gefe. Ya tsaya yana kallonsu. Ya shiga ya bi sawun ƙafa a cikin toka. Sawun bai nufi sito ba, bai nufi inda wayoyin wuta suke ba, kai tsaye ya shiga zauren saƙa ya bi ta ƙarƙashin ƙarafan da ke reto, ya tsaya a layin da ke jikin bangon gabas. A nan ya ga an share toka daga gindin wasu injina biyu, an goge su, ana jin warin baƙin mai.

Ya ɗaga kai ya dubi bangon. Tsaga ce ta taso daga sama ta gangaro har kusan tsakiya, hasken rana yana shigowa ta cikinta. Bai ƙara minti ɗaya a wurin ba.

Ya je ya tambayi Bala ko ya ga wani.

"Ni ƙofar gaba aka ba ni," in ji Bala. "An ɗauki wani abu ne?"

"Ba a ɗauki komai ba."

"To ka mayar da ƙusarka ka yi shiru."

Ya mayar. Washegari ya sake tarar da su a kan dutsen. Rana ta uku yana idar da sallar asuba ya hau kekensa, ya zo ya zauna a kan wani tsohon bulo a bayan shingen ta ciki. Gari ya waye sosai, lokacin da a da jiniyar kamfani ke kiran masu aikin safe, sai ya ji ana taɓa langa-langar. Aka zare ƙusa a hankali, aka zare ta biyu. Fallen ya ɗaga, wani dattijo ya sunkuyo ya shigo, sanye da kakin aiki a wanke a goge, da 'yar samirar abinci a hannu ɗaya, gwangwanin mai a ɗayan.

Malam Idrisu ne. Ashafa ya miƙe tsaye. Wannan dattijo tun ranar da aka buɗe masaƙar yake cikinta, a kan injinan layin gabas. Asalinsa mutumin ƙasar Damagaram ne, wato Zinder, a tsallaken iyaka, amma ya zo Kano tun yana saurayi, a nan ya yi aure ya yi 'ya'ya. Lokacin da Ashafa ya zo birni neman aiki bai san kowa ba, a zauren Malam Idrisu a Ɗorayi ya yi wata da watanni yana kwana, shi ne kuma ya kai shi gaban manaja ya ce yaron kirki ne.

"Baba, ku ne?"

"Au, Ashafa. An tashi lafiya?" Ya ajiye samirarsa kamar a ƙofar gidansa suka haɗu. "Kai ka yi shingen nan? Ya yi kyau. Sai dai ba ka bar ƙofa ba."

"Baba, ba a so kowa ya shiga ne. Bangon nan zai faɗi."

"Na ga bangon. Ba daɗewa nake yi ba." Ya nuna zauren da gwangwanin man. "Injina biyu ɗin nan wuta ba ta yi musu komai ba, fenti kawai ta ci. Na juya su da hannu, suna juyawa. Amma in aka bar su haka ruwa ya sauka a kansu, tsatsa ta kama, shi ke nan. Ranar da za a buɗe, da me za a fara?"

"Alhaji ya ce duk wanda aka kama a ciki 'yan sanda zai ba."

"Ni Lawan zai ba 'yan sanda? Yana akawu na san shi."

Ashafa ya sha gabansa, ya rage murya ko da yake babu kowa kusa.

"Baba, kuna jin abin da ake faɗa a rediyo. An ba baƙi wa'adi su bar ƙasar. Jiya a Bompai na ga an cika mota da mutane. In 'yan sanda suka riƙe ku suka tambayi takarda, me za ku nuna?"

Dattijon ya dube shi, ransa ya ɗan ɓaci.

"Ni baƙo ne a Kano?"

"Ni ban ce ba. Su ne ba su san ku ba."

Malam Idrisu ya raɓa ta gefensa ya wuce zauren. Ashafa ya rasa yadda zai yi. Ba zai iya kama rigar mutumin da ya ci tuwon gidansa ba. Ya tsaya a bakin zauren yana kallon bangon, yana jin ƙarar tsumma a jikin ƙarfe, duk tsuntsun da ya sauka a kan ƙarafan rufi sai ya ɗaga kai ya dubi tsagar. Can da hantsi dattijon ya fito, ya zauna a inuwar shingen ya ci ɗumamensa, ya yi masa sallama ya fita ta inda ya shigo.

Da yamma Ashafa ya tafi Ɗorayi. Ya yi dabara ya je lokacin da ya san maigidan yana masallaci zaman jiran isha'i. Matar Malam Idrisu, Zuwaira, wadda Ashafa ke kira Inna, ta shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida ta kawo ruwa. Ya faɗa mata abin da ya gani.

"Na sani," in ji ta. "Ina zai je da kaki da sassafe in ba can ba?"

"Inna, ku hana shi. Wallahi bangon nan hannuna yana shiga tsagarsa."

"Na hana. Kwanakin farko bayan gobarar a gida ya zauna. Ba ya ci, ba ya magana, ya sa ƙofa a gaba. In lokacin jiniya ya yi sai ya miƙe tsaye, sannan ya tuna ya koma ya zauna. Har na aika wa Nuru a Zinder ya zo ya ga ubansa. Ranar da ya fara komawa can, ranar ya ci abincin kirki." Ta gyara mayafinta. "Ni ban san wanne ya fi ba, Ashafa. In ya fita ina cikin tsoro har ya dawo. In ya zauna ina kallonsa yana ƙarewa."

"To ni yaya zan yi?"

"Kai ka yi shingen. Ka yi shi yadda ba zai iya buɗewa ba. In ya je ya tarar a rufe sau ɗaya, sau biyu, ƙila ya haƙura da kansa. Amma don Allah kada manaja ya ji."

Ashafa ya koma ya yi yadda ta ce. Ya ƙara ƙusa a kowane falle, ya lanƙwashe bakinsu ta ciki yadda ba za su zaru ba. Malam Idrisu ya bar wannan fallen ya koma can kusurwa, inda shingen ya haɗu da tsohuwar katanga, ya kwance wayar da aka ɗaure su da ita. Ashafa ya toshe kusurwar. Dattijon ya samo inda ƙasa ta yi kwari a ƙarƙashin shingen, ya ɗaga gindin langa-langar ya bi ta nan, har kakinsa ya yage a kafaɗa. Ba su taɓa yin faɗa ba. In sun haɗu sai su gaisa, dattijon ya tambayi iyalin Ashafa, Ashafa ya roƙe shi, shi kuma ya ce ba daɗewa yake yi ba.

Katako ya ƙare wa Ashafa. Neman ƙari sai ya je wurin Alhaji Lawan, kuma Alhaji zai tambayi abin da aka yi da na farko. Sai ya ɗauko katakan nan da ya jingine a jikin sito domin tokara, ya yanka su ya gitta a ƙasan shingen tun daga wannan ƙarshe har wancan, ya danne gindin kowane falle. Yana bugawa yana duban gabas. Kwana biyu ke nan hadari yana haɗowa da la'asar yana watsewa.

Ruwan farko ya zo da dare, ba shi da yawa. Da safe Ashafa ya shiga ya duba bangon daga nesa. Tsagar ta sauko ƙasa, an ga ɓaraguzan siminti sababbi a gindinsa, wasu ma a kan injinan da aka goge. Tun daga ranar barcinsa ya ragu. Matarsa ta tambaye shi ko an ce za a sallame shi ne, ya ce a'a. Ya yi tunanin ya je ya faɗa wa Alhaji gaskiya, ya tuna motar da ya gani a Bompai. Ya yi tunanin ya cire injinan biyu ya fitar da su waje, amma ko mutum goma ba za su ɗaga ɗaya ba, ga kuma maganar mutanen inshora. Abin da ya rage masa shi ne ya riƙa zuwa da wuri yana zagaya shingen, yana girgiza kowane falle da hannu.

Kwana uku a jere bai ga alamar an shiga ba. Bala ya ce ya hango dattijon da safe yana bin jikin shingen yana taɓawa, ya daɗe, sannan ya juya ya koma. Ashafa ya ɗan samu sauƙi, amma da ya tuna yadda Inna ta ce yake sa ƙofa a gaba, sauƙin bai je ko'ina ba.

Ranar Alhamis Alhaji Lawan ya aike shi Bompai ya gyara ƙofar wani sito da kamfanin ke haya. Yana can bayan azahar gabas ta yi baƙi. Wannan hadarin ba irin na kwanakin baya ba ne, ya haɗu tun daga ƙasa har tsakiyar sama, gari ya yi tsit, zafi ya ƙaru. Ashafa ya bar ƙofar a rabi, ya ɗaure kayan aikinsa a bayan keke ya kamo hanya. Bai kai rabin hanya ba iska ta taso. Ta kwashe rumfunan masu tireda, ta tashi da kwanon rufin wani gareji yana gani. Ya sauka ya raɓe a barandar wani shago, ruwa ya kece. A tsaye yake amma hankalinsa yana can wajen shingen da babu tokara ko ɗaya a jikinsa. Yana ta gaya wa kansa cewa da safe dattijon yake zuwa, ba ya zuwa da yamma.

Ruwan yana tsagaitawa ya hau keke cikin yayyafi. Da ya iso ƙofar masaƙar ya tarar da Inna Zuwaira tsaye a gaban ɗakin maigadi, ta jiƙe sharkaf, babu takalmi a ƙafa ɗaya. Bala yana tsaye kusa da ita.

"Yana ganin hadari ya ɗauki tamfol ɗin da muke shanya hatsi ya fita," in ji ta. "Ya ce zai je ya rufe injinan. Na bi shi, iska ta hana ni."

"Ka ga shigarsa?" Ashafa ya tambayi Bala.

"Ban ga kowa ba. Amma na ji ƙara a baya, ƙasa har ta girgiza. Ban iya zuwa ni kaɗai ba."

Ashafa ya yar da keken ya ruga, Bala na bin sa. Suna shan kwanar sito suka tsaya. Bangon gabas babu shi. Ya zube ciki gaba ɗaya, ya ja ƙarafan rufi tare da shi, inda layin injinan yake sai tudun bulo da ƙarfe, ruwa yana kwarara ta tsakaninsu baƙi da toka. Ashafa ya hau tudun yana kiran "Baba, Baba," yana janye bulo da hannu. Wani ƙarfe ya motsa a samansa, Bala ya riƙo shi ta baya.

"Sauko. Saura zai biyo."

"Yana ƙarƙashi."

"Ba ka sani ba. Sauko mu duba ta ina ya shigo."

Suka zagaya baya. Shingen ma ya faɗi. Iska ta tumɓuke itatuwan daga ramukansu da ruwa ya jiƙa, amma langa-langar ba ta rabu da katakon ba saboda yawan ƙusa, sai tsakiyar shingen duka ya kwanta a haɗe, ya faɗa waje kan hanyar ƙafa. Ashafa ya tsaya yana haki yana dubawa. Sai ya hango bakin tamfol yana leƙowa daga ƙarƙashi, kusa da shi kuma ruwan da ke gudu ya yi ja.

Suka kama gefen shingen su biyu, ya ƙi ɗagawa. Wasu ma'aikatan kamfanin fata da suka fake a nan kusa suka ji kiran Bala suka zo, aka haɗu aka ɗaga. Malam Idrisu yana kwance a gefensa cikin laka, ƙaramar gudumarsa a kusa da shi. Bai samu shiga ba. Yana ta fama da ƙusoshin ta waje iska ta turo shingen a kansa. Bakin langa-langa ya yanke shi a hannun dama tun daga gwiwar hannu har tafi, kuma ƙafarsa ɗaya ta juya yadda ƙafa ba ta juyawa. Idonsa a buɗe yake.

Ashafa ya tuɓe rigarsa ya ɗaure hannun da ita. Jini ya ratso ta nan da nan, ya ƙara ɗaurewa da igiyar tamfol ɗin. Inna Zuwaira ta iso ta durƙusa a cikin lakar ta tallafi kan mijinta, ba ta yi kuka ba, sai salati take yi ƙasa-ƙasa.

"Ƙusoshin nan," in ji dattijon da ƙyar, "ka lanƙwashe su."

"Na lanƙwashe, Baba. Kada ku yi magana."

Suka ɗora shi a kan tamfol ɗin suka kai shi bakin titi. Ruwa ya cika titin, motoci ba sa tsayawa. Ashafa ya shiga tsakiyar hanya babu riga ya tare wata a-kori-kura da ta ɗauko buhunan dusa. Direban ya leƙo ya ga jini, ya ce shi ba ya son maganar 'yan sanda. Inna Zuwaira ta ce masa mijinta ne, shinge ya faɗo masa, ita za ta yi bayani ko a gaban wa. Ya buɗe musu baya.

A asibiti aka ɗinke hannun aka ɗaure ƙafar. Likita ya ce jinin da ya zubar ya yi yawa ga mai shekarunsa, sai an ga yadda zai kwana. Ashafa ya zauna a baranda da aron rigar wani mai jinya. Da aka zo rubuta sunan majinyaci da garinsu, Ashafa ya tuna maganar takarda, amma Inna ta ce Ɗorayi, ma'aikacin ya rubuta bai ɗaga kai ba.

Da safe ya koma Sharaɗa ya tarar da motar Alhaji Lawan a baya. Alhaji yana tsaye a bakin shingen da ya faɗi, ya tattare babbar rigarsa saboda laka, yana duban tudun da bango ya zama.

"Bala ya ce wani ya ji rauni a nan jiya."

"Malam Idrisu ne, Alhaji. Na layin gabas."

"A ciki ko a waje?"

"A waje."

Alhaji Lawan ya dubi gudumar da har yanzu take cikin laka, ya dubi Ashafa. Ashafa ya sunkuyar da kai yana jiran tambaya ta gaba.

"Tunda a waje ne, mai wucewa ne," in ji Alhaji. "Wane asibiti yake?" Ashafa ya faɗa masa. "Zan leƙa shi da yamma. Me ya sa ba a tokare shingen ba?"

"Katakon na yi wani aikin da shi."

"Ka je ka karɓo wani. Ka tayar da shi yau, kafin yara su fara shiga tsintar ƙarfe."

Ya tayar da shi, ya zurfafa ramukan, ya zuba tsakuwa ya daddanne, ya tokare kowace dirka ta ciki da ta waje. Sai da magariba ya gama.

Malam Idrisu ya tashi, amma yatsun hannun dama ba su ƙara lanƙwasuwa ba, kuma da sanda yake tafiya. Ashafa yana zuwa duba shi duk bayan kwana biyu. Dattijon bai taɓa ɗora masa laifi ba, bai kuma taɓa tambayar injinan ba. Inna ce ta gaya masa bangon ya faɗi, shi kuwa ya ce a ba shi ruwa. Ashafa kuwa kullum ya fito daga ɗakin sai ya riƙa lissafi a ransa, da ya bar ƙusoshin a miƙe da dattijon yana ƙarƙashin bango, da ya kafa tokarar da hannun yana nan lafiya. Ya taɓa fara faɗa wa Inna haka, ta ce ya bar maganar, ita ta sa shi.

Ɗansu Nuru ya zo daga Zinder cikin damina. Ya zauna sati biyu yana lallashi, daga ƙarshe uban ya yarda su koma can tare, tunda ba shi da abin yi a Kano kuma zaman baƙi ya zama abin da ya zama. Ashafa ya raka su tasha, shi ya ɗaure musu kaya a saman mota. Malam Idrisu ya miƙa masa hannun hagu suka yi sallama, ya ce in an buɗe masaƙar ya aika masa.

Mutanen inshora sun zo bayan damina, suka yi yini ɗaya suka tafi. Masaƙar ba ta buɗe ba. Ciyawa ta fito a zauren, shingen da aka ce na wucin gadi ne ya shekara biyu a tsaye, Ashafa yana sauya fallen da tsatsa ta cinye. A shekara ta biyu aka sallame shi shi ma. Alhaji Lawan ya haɗa shi da wani abokinsa da ke kula da wani kamfanin robobi a Calawa, wanda aka rufe saboda rashin kayan aiki, ɓarayi sun fara cire tagogi. Ana son a kewaye shi da langa-langa kafin ƙarshen wata.

Ashafa ya je da safe ya auna wurin. A bakin ƙofar kamfanin ya tarar da tsofaffin ma'aikata su wajen goma zaune a inuwar wata darbejiya, wasu da kakin aiki a jikinsu. Suka amsa sallamarsa, suna kallon kayan aikin da ke bayan kekensa. Ɗaya daga cikinsu ya taso ya tambaye shi ko gyara aka turo shi ya yi, ko an sa ranar buɗewa ne. Ashafa ya ce shi kafinta ne kawai, shinge aka ce ya yi. Ya tambayi mutumin sunansa da unguwar da yake zaune, da sashen da ya yi aiki a ciki, sannan ya jingine keken ya fara awo.